Shafi na Arba'in da Ɗaya

Ku matso, ku rage murya. Barira abin ya samu, lokacin tana aiki a wani kamfanin manhaja a Kaduna.

Aikinta rubuta littafin bayani ne, shafi arba'in, mai nuna yadda ake amfani da manhajar. Gyaran hannu ya ishe ta, sai ta tsara yadda duk sanda aka haɗa manhajar, littafin zai fito da kansa. Kwamfutocin kamfanin uku ne, kowace da irin tsarinta, kuma dole littafin ya zo iri ɗaya.

Ranar wata Juma'a, rana tsaka, maza sun tafi masallaci, ta gwada. Biyu suka ba da shafi arba'in. Tsohuwar da ke ɗakin baya ta ba da arba'in da ɗaya.

Ta shiga ɗakin ta duba. Sai ga wani dattijo zaune a kujerar gaban kwamfutar, farar riga har ƙasa. Ba ta ji buɗe ƙofa ba.

"Sannu, Baba. Wa kake nema?"

"Ke, 'yata."

Bakinsa na gabanta, amma ta bayan kunnenta muryar ta fito.

"Kin koya wa ƙarfe rubutu," ya ce. "Mun gode. Mun daɗe muna neman magatakarda."

Ta kalli allon. Sunanta ne a saman shafin ƙarshe. Ƙasa an rubuta yadda ake kiranta ta amsa. Da yadda ake shiga barcinta. Sabon layi na fitowa, harafi bayan harafi: yadda ake ɗauke ta.

"Da la'asar littafin zai isa hannun 'yan uwana," in ji dattijon.

Ita da kanta ta tsara littafin ya riƙa tafiya ba sai an aika ba.

Ta durƙusa ta fizge wayar wuta. A nan ta ga ƙafarsa. Kofato.

Allon bai mutu ba.

Ta kama Ayatul Kursiyyu. Haruffan suka tsaya cik. Ta miƙa hannu ta gefen kafaɗarsa, mai sanyi kamar randa, ta goge shafin. Ta fita a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kwana bakwai ba ta yi magana ba. Kwamfutar kuwa, da aka zo fitar da ita, ƙarti huɗu suka kasa ɗaga ta. A nan aka bar ta, aka toshe ƙofar da bulo.

Don haka, in na'ura ta yi abin da ba ku sa ta ba, kada ɗayanku ya shiga dubawa shi kaɗai.