Bishiyar Lemon Auta

"Ajiye bahon nan, munafuka!" Tsawar Anti, matar Kawu, ta sa Auta ta yi tuntuɓe, ruwan wanke-wanken da ta wuni tana tarawa ya malale a kan siminti. Ta durƙusa tana tare shi da tafin hannu kamar zai dawo... Wata bakwai ke nan ba ɗigon ruwan sama, hukumar gari kuma ta kafa doka: duk gidan da aka kama ana ban ruwan shuka da ruwan famfo, za a yanke famfonsa. Ita kuwa marainiyar Allah, abin da uwarta ta bar mata a duniya bishiyar lemo ce guda a jikin katanga, da ruwan kumfa da na wankin shinkafa take raya ta.

Anti dai irin matan nan ne masu bakin wa'azi da zuciyar kunama. Ita ce mai yi wa maƙwabta huɗubar tattalin ruwa, sai ka rantse ita ta rubuta dokar! Ta tasa Kawu gaba, wai yarinyar nan satar ruwa take yi, za ta ja musu abin kunya. Shi kuwa Kawu, namijin hotiho, ko tambaya bai yi ba.

"Gobe a sare bishiyar, kowa ya huta."

"Kawu, don girman Allah! Umma ce ta dasa ta... Wallahi ban taɓa zuba mata ruwan famfo ba!"

"Ji makira!" in ji Anti. "Ni da kaina zan kira hukuma, su gane wa idonsu."

Auta ta kifa kai a gindin bishiyar tana kuka. "Ya Allah, Kai ne shaidata, ba ni da kowa sai Kai."

Washegari da hantsi wani dattijo ma'aikacin hukumar ruwa ya iso, Anti na gaba tana yauƙi kamar an ba ta sarauta. Dattijon ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar gindin lemon ya sansana.

"Wannan ai sabulu ne, Hajiya. Ga ma ƙwayar shinkafa. Doka ba ta hana wannan ba, shi muke roƙon mutane su yi." Ya miƙe ya karkaɗe hannu. "Amma tunda na zo, a rufe min kowane famfo na gidan nan."

Aka bi aka rufe. Ya leƙa mita, sai ga allura tana juyi abinta! Ya bi bututun taku-taku har bayan ɗakin Anti, inda ta kewaye da langa-langa ta sa kwaɗo. Da aka buɗe... tir! Furanni ne jajaye, ganyensu kore shar, ga tiyo a binne yana ta tsiyaya.

"Malam, ka rufa min asiri, na ado ne kawai..."

"Ado? Mutane na layin tanka tun safe, ke kina shayar da ado?"

Nan take ya datse bututun sashenta, maƙwabtan da ta saba yi wa huɗuba suna leƙe ta katanga suna taɓe baki. Kawu ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya iya cewa, "Auta, ki yafe ni. Ba mai taɓa miki bishiya."

Ba ta ko dube shi ba. Ta rungume bishiyar, hawaye na zuba.

"Umma... ba su sare ba."