Dutsen da Mesar Zailani Take Kwana a Kai

Adawiyya, Zulaiha ta yi magana! Jiya ta buɗe baki, kuma da kunnena na ji. Matso nan gindin darbejiya kafin a kaɗa ƙararrawa, ki ajiye awarar nan tukuna.

Kin dai san abin da ake faɗa a kan kakata, Inna Uwaliya. Amma ke daga Gwarzo kike zuwa, guntu-guntu kike ji. Mu ne a Kabo, katanga ɗaya da gidan Alhaji Haladu.

Ranar da abin ya fara, magariba ce kamar kullum. An shigar da awaki, mata suna alwala, 'yarsa Zulaiha tana kwashe tuwo. Sai ƙwal a kan kwanon ɗaki. Can sai wani dutse ya gangaro ya tsaya gaban buzun Alhaji. Ya kai hannu ya ɗauka, ya yar da sauri. Dutsen da zafi, kamar yanzu aka zaro shi daga wuta.

Haka kullum, rana na faɗuwa jifa ya tashi. Daga baya Zulaiha ta daina magana. Sai ta tsuguna gaban murhu tana lalube a toka, kamar mai neman allura. In aka janye ta, ta yi ta rawar ɗari ko da bargo nawa aka lulluɓa mata.

To wa ke hura wuta da yamma a bayan katangarsu? Inna, mai ƙosai. Shi ke nan aka gama shari'a. Aka daina sayen ƙosanmu. Mata in sun hango ta sai su janye 'ya'yansu. Alhaji ya rantse tun da yanzu akwai Shari'a, gaban alƙali zai kai ta, ko dai mu tashi daga unguwar. Inna kuwa sai ta rame, ko masallacin Juma'a ta daina zuwa.

Ni kuwa tun can idona yana kan Zailani, yayan Zulaiha, wanda ya dawo daga makarantar koyon aikin dabbobi. Shagonsa na ƙofar gida kullum da kwaɗo. Kullum yatsunsa a ƙone. Kajin gidansu suna ƙyanƙyasa, 'yan tsaki suna raguwa, ana ɗora wa shaho. Na faɗa wa Inna, ta ce in kama bakina, ita ta san zafin zargi.

Jiya bayan la'asar aka ɗauko Malam Datti daga Sabon Birni. Ya ce ba zai fara ba sai an kira wadda ake zargi. Ni na riƙo hannun Inna muka shiga.

Malam ya ɗora tafinsa a kan Zulaiha ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Inuwar katanga ta rarrafo har ta rufe tsakar gida. Ko kaza ba ta yi motsi ba. Sai Zulaiha ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa tukuf ta fito daga bakinta.

"Malam, sassauta. Ni aka zalunta."

Ya tambaye ta wace ce ita. Ta ce a wani kufai take zaune a bayan Durun, tun kafin a haƙa rijiyar garin. An je an ɗauke mata dutsen murhu, tukunyarta ba ta zama, 'ya'yanta suna kwana da yunwa. Malam ya ce wa ya ɗauka. Ba ta amsa ba, sai ta juya kan Zulaiha sannu a hankali ta zuba wa Zailani ido.

Alhaji da kansa ya karɓi makulli ya buɗe shagon. Adawiyya, kin san shogilas ɗin nan na masu sayar da kek? Shi ne a kan tebur, an huda masa ƙofofin iska, an zuba ƙasa da busasshen ganye, ga kwanon ruwa, ga fasasshiyar tukunya a kife don ɓuya. A gefe ɗaya kuma ga mesa, kaurinta kamar taɓarya, ta nannaɗe wani baƙin dutse da aka rufe da tsumma. Matan gidan suka yi waje ba takalmi.

Zailani ya durƙusa yana rantsuwa ba ta da dafi. Ya ce in ta ji sanyi ba ta cin abinci, sai ciwo. Da ƙwan lantarki yake ɗumama mata gefe ɗaya ya bar ɗayan da sanyi, ta zaɓi inda take so. Sai wuta ta daina zuwa, kananzir kuma sai an bi layi. Ya gwada gasa duwatsun rafi, suna fashewa. Shi ne ya tuna dutsen da ya saba da wuta ba ya fashewa, ya je kufai ya ciro na tsohon murhu.

Aljanar ta ce tun da mesar ta sha ɗumin dutsenta, a haɗa mata da ita. Malam ya ce ko bawon gyaɗa ba za a ba ta ba, nata kawai za a mayar mata. Ta yi ta ja, ya ci gaba da karatu, har ta ce ta yarda. Sai ya nuna Inna.

"Kafin ki fita, ki faɗa a gaban kowa. Wannan baiwar Allah ce ta turo ki?"

Aljanar ta kece da dariya. "Mai ƙosai? Wadda ko ruwan zafi ba ta zubarwa sai ta yi bismilla? Ko ƙofarta ba na iya bi."

Zulaiha ta yi atishawa ta kife. Da ta farfaɗo, ruwa ta fara nema, da muryarta.

Alhaji ya kasa kallon Inna. Yau da sassafe ya sa Zailani ya ɗauki dutsen a ka zuwa Durun, a ƙasa, ya hana shi keke. Mesar kuwa an bar ta, Malam ya ce wanda ya tsare dabba sai ya kula da ita, ya gasa bulon ƙasa ya sa mata. Sannan Alhaji ya aiko cewa ranar Juma'a, bayan an sauko, zai zo ƙofar gidanmu da dattawan unguwa ya nemi gafarar Inna, kuma shi zai fara sayen ƙosai.

Don Allah, don Annabi, kar ki faɗa wa kowa tukuna, ko 'yan ajinmu. Masu ce min jikar mayya, so nake su ji daga bakin Alhaji, ina tsaye ina kallon fuskarsu.