Jan Takalmin Nyokabi

Gwaggo Waithera ta faɗo gidan da safe tana rangaɗa guɗa, ko gaisuwa babu. Ta tarar da Nyokabi, 'yar wanta, tana tuƙa mukimo, tuwon dankali da masara, a kicin.

"Ke 'yar nan, ajiye muciyar! Mun shiga talabijin!"

Duk garin Karatina an san Gwaggo da kallo. Da can sau ɗaya take ƙona abinci a rana, amma tun da tashoshi suka bar wasan kwaikwayo mai ma'ana suka koma nuna mata suna fizge wa juna gashin kanti, sai ya zama sau biyu. Ita ce ta kai sunan gidan shirin "Aure Ko Dambe", don a ɗauki ranar da dangin Gathogo, saurayin Nyokabi, za su zo karɓar amaryarsu.

Baba Kinyua, mahaifin Nyokabi, ya dire kofin shayi. "Waithera, gidan nawa kika mayar kasuwa?"

"Haba Yaya! Maƙwabta ma an nuna su."

"An nuna su suna jifar juna da kujeru."

"To, ai dai an nuna su!"

Tsoho ya murtuke. "Shi ke nan. Amma in yaron nan ya nuna wata ba 'yata ba a gaban duk Kenya, ba na karɓar akuyar tara. An fasa auren!"

Ai an san yadda ake yi: a jera amarya cikin 'yan uwanta, kowacce lulluɓe da zane har idon sawu, ango ya fitar da tasa. In ya kuskure ya ba da akuya, a yi dariya a wuce. Yau ga wasa ya koma gaske.

Nyokabi ta kira Gathogo tana sheshsheƙa.

"Bebi, daina kukan," in ji shi.

"Jan takalmin da ka saya min zan sa. Ƙasa za ka kalla, ka ji ko?"

Ta manta kunnen Gwaggo ya fi eriya kamu.

Ranar biki sai ga darakta, wani saurayi mai tabarau a ƙeya. Ya ja Gwaggo gefe. "Mama, aure lafiya lau wa zai kalla? Durama muke so. Ango ya kuskure, amarya ta sume, tsoho ya ɗaga sanda!"

Gwaggo ta ce a ranta, Yaya ai daga baya a lallashe shi. Ta karɓi takalmin wai za a goge, ta zura wa 'yarta Wangechi, sauran ta kora su fili ƙafa ba takalmi.

"Akshan!"

Gathogo ya fito da fara'a, ya miƙe kai tsaye wajen jan takalmi. Nyokabi na hango shi ta saƙar zane, hawaye shar-shar, ga shi an hana amarya ko tari. Ya ɗaga hannu, kyamara ta matso, Gwaggo har ta fara gyara ɗankwali.

Sai ya tsaya. Mai jan takalmin nan tsaye take ƙyam kamar turke. Nyokabinsa kuwa in hankalinta ya tashi ba ta iya tsayuwa haka. Ya bi layin da ido, can ƙarshe ga wata ƙafa tana susar ƙwaurin ɗayar, yadda ya gani tun ranar da ya fara tare ta a tashar matatu, motocin haya.

"Waccan mai susar ita ce tawa!"

Aka yaye zane, ga Nyokabi, kuka da dariya a haɗe. Guɗa ta kaure.

"Kat! Kat!" Darakta ya rugo. "Oga, sori, a sake. Ka fara nuna mai takalmin!"

Baba Kinyua ya miƙe a hankali. "Yaro, na ji sanda kake so a ɗaga. To, ga ta."

Ranar darakta ya tsallake shingen gonar shayi, tabarau ya rage wa akuya.

Tashar ba ta nuna bikin ba, wai babu armashi. Gwaggo ta durƙusa ta nemi gafara, Nyokabi ta yafe, Wangechi dai ta ce takalmi ya zauna mata.

To 'yan mata da samari, ku ji: wanda ya san ki a takalmi, ranar da aka sauya takalmi ya ɓace miki. Ku yi haƙuri ku san juna tun daga ƙafa, kuma kada ku ba ɗan kallo linzamin aurenku. Shi in an yi dambe ya ci riba, ku kuwa da ku za a kwana.