Zanko a Kan Ƙal'a

A gindin tsohuwar ƙal'ar nan ta hanyar Arfa Ramlatu ta fara ganinsa. Ƙal'ar gidan tsaro ne na mutanen da, masu gadin ayarin alhazai. Ya zube, hukuma ta sa a gyara don masu ziyara. Ita ta kawo wa ma'aikata kunu, shi yana saman katanga. Lurwanu ne, magini, bai daɗe da isowa daga Kano ta Sudan ba.

"'Yar Makka, kunun nan da tsamiya aka dama ko da Larabci?"

"Sauko ka sha, ya mu'allim, ka rage surutu."

Ya sauko. Tun ranar kullum sai ta ƙara masa ludayi, shi kuma ya ɗaukar mata tukunya har bakin hanya. Ba wanda ya ci na wani.

Da maganar aure ta je gida, mahaifinta Malam Kabo ya ce a'a.

"Baƙo ne, ya binti. Aiki na ƙarewa zai nufi jirgin Jidda. Ga Abdulƙadir mai kanti a unguwar Kudai, nan aka haife shi."

Ya hana ta kai kunu. Ta koma hawa saman gida, wai shanya, alhali ƙal'a take hange. Wanki ya bushe, ita tana tsaye.

Ran nan ta ga wani tsini ya fito a kusurwar katangar. Kafin la'asar labari ya iso, an sallami Lurwanu. Hannu ya saba, da ya kai ƙarshen gini sai ya ɗora zanko irin na gidajen Kano. Shugaban aiki ya ce ƙal'a ce ba gidan ubansa ba, ya rushe ya kama gabansa. Ba aiki kuwa, ba zaman Makka.

Ta sauko tana kuka. "Abuya, wai mene ne ma zankon?"

Tsohon ya miƙe. Yana yaro ya baro Kano da ƙafa, yanzu ido ya yi rauni. Ya laluba sandarsa.

"Kai ni."

Suka tarar da Lurwanu da guduma a hannu. Ya riƙe tsohon suka hau matakala. Malam Kabo ya shafa zankon tun daga gindi har tsini, ya sake shafawa.

"Ɗan wace unguwa ne kai?"

"Ƙofar Mata, Baba."

"Rushe musu, nasu ne. Saman gidana ba ɗaki. Zo ka gina, ka sa wa kowace kusurwa zanko. Amma fa wanda ya gina shi zai zauna ciki."

Lurwanu ya dubi Ramlatu. Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Na karɓa, Baba."

Bayan alhazai sun watse aka ɗaura aure. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kawo zuri'a har ɗakin ya yi musu kaɗan.