Takardar Malam Kailani

Da hantsi aka zo caji ofis aka gaya wa Sufeto Attahiru an tsinci gawar Malam Kailani a bakin tsohuwar rijiyar Tudun Wada.

Ya san rijiyar. A kanta marina da mahauta suka yi faɗa bara, aka rasa rai uku. Di'o, Baturen mulki, ya yanke hukunci daga ofishinsa bai tambayi kowa ba: a rufe rijiyar, a ja shinge tsakanin unguwannin biyu, wanda ya tsallaka a kore shi daga gari. Malam Kailani ne ya yi wata biyu yana bin dattawan ɓangarorin gida-gida, har suka rubuta nasu tsarin zaman lafiya da ajami, kowa ya dangwala yatsa. Yau ne zai kai wa Bature takardar.

Sufeto ya tarar da shi kwance, gafakarsa a buɗe, babu takarda. A gefensa akwai wuƙar fawa. Matasan marina har sun fara taruwa da sanduna. Ya san in aka sake zubar da jini, soja za a turo.

Ya sa aka kira Sarkin Fawa Nagoda.

"Ka san wuƙar nan?"

"Ban taɓa ganinta ba, ranka ya daɗe."

"Mahauta biyu sun ce taka ce."

Nagoda ya sunkuyar da kai. "Tawa ce. Tsoro ya sa na musa. Ran faɗan bara ta faɗi a bakin marina, ban koma nema ba."

Sufeto ya juya wuƙar. A tsagar ƙotarta akwai shuɗin baba, ya bushe.

A gidan mamaci, matarsa Larai ta yi magana daga bayan asabari.

"Inna, wa ya zo wurin Malam yau?"

"Wani ya yi sallama bayan asuba. Ban gan shi ba. Na dai ji Malam yana cewa, 'Haƙuri, na san zafin rashin ɗa.' Sai suka fita tare. Ko kokonsa bai sha ba."

Cikin mutum ukun da suka mutu bara, ɗaya ne kaɗai ɗan marina: Salmanu, ɗan Ɗantsoho marini.

Sufeto ya same shi a bakin karofi, ramin rini, yana motsa baba, dattijo ramamme, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu.

"Baba, ina kake da asuba?"

"Nan. Ban motsa ba."

"Ka ga takardar sulhun?"

"A ina zan gan ta? Ba a kira ni ba."

"Amma ka goyi bayanta?"

Ɗantsoho ya daina motsi. "Takardar da aka lissafa ranakun ɗiban ruwa ɗaya bayan ɗaya, aka ce an yafe jini, ko sunan Salmanu babu a ciki?"

"Dattawa sun rantse ba wanda zai faɗi abin da ke ciki sai ta isa ofis," in ji Sufeto a hankali. "Yaya ka san babu sunansa?"

Ɗantsoho ya saki sandar motsa baba. Sannan tsohon ya zauna a ƙasa.

"Na roƙe shi ya nuna mini, ya nuna. Na karanta sau biyu. Dattawa suna kukan Bature bai tambaye su ba. To, su wa suka tambaya? Uwar yaron har yau abincin mutum uku take dafawa. An zauna a zaure an yafe jininsa kamar na akuya." Ya goge ido, shuɗi ya ɓata masa fuska. "Wuƙar na tsinta bara, na ajiye don in rama da ita a kan Nagoda. Wallahi ba don Malam na ɗauko ta ba. Ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri, ni kuma... Shi ya yi wa Salmanu wankan gawa."

"Ina takardar?"

Ya nuna karofi. Wani kurtun ɗan sanda da ke tare da Sufeto ya zura sanda ya ɗago ta. Ta rine, ba harafi ɗaya da ake iya karantawa.

Sufeto ya dubi dattawan da suka ji labari suka taru a wurin. "Zan roƙi Di'o kwana bakwai. Ku sake zama. Wannan karon ku fara da gidajen da aka yi rashi, mata da maza, ku ji bakinsu kafin ku taɓa alƙalami."

Sannan ya juya. Da kansa ya sa wa Ɗantsoho ankwa, bai matse ba.

Sun kai bakin shinge tsohon ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, in an sake rubutawa, a sa sunansa."

"Za a sa, Baba," in ji Sufeto. "Da na Malam."