Sunan Inna da Ba a Rubuta Ba

Ranar da Illo ya fara ganin Hajo, a bakin aiki yake. Shi ne tafintan wani Bature mai yawon rubuta al'adun Gobir, sun sauka Tsamaye wurin tsohuwa Maijidda, mai kula da tsamiyar Inna, uwar iskokin Gobirawa. Hajo, jikar tsohuwar, ta kawo musu fura. Illo ya karɓi ƙwarya ya saki baki yana kallo, sai da Bature ya yi gyaran murya.

Tsohuwa ta jero sunaye: Inna, Uwar Gona, Doguwa, Bafillatana. Bature ya ce a ƙasar Turkawa ma an yi wata uwar iskoki irinta a zamanin da, mai tafiya da zakoki, kowane gari da sunan da yake kiranta.

"Hwaɗa mai tamu tana nan, ba ta zama labari ba," in ji tsohuwa. "Saura suna guda. Shi ko ɗiyar gida ɗai aka raɗa ma, ran da za ta ɗakin miji."

Kwaɗayi ya kama Bature. A hanya ya ce wa Illo in ya samo sunan nan, kujerar akawu na jiransa a Sakkwato. Illo bai ce uffan ba, hankalinsa na can wurin mai fura.

Duk sati sai ga shi a Tsamaye, wai ya biyo hanya ne. Daga garinsu Isa, duk nisan nan!

"Mai alƙalami, hanyag ga taka ba ta da tsawo?" in ji Hajo.

"Giwata, in ke ce ƙarshenta, ko Gobir duka za ni ratsawa."

Amma mahaifinsa, Malam Bawa, ya ce shi da gidan bori har abada. Ana cikin haka Sodangi, wani manomi da ya daɗe yana son Hajo, ya tsinci zancen kujerar akawu ya kai mata da zafinsa.

Ta tari Illo a ƙofar gida, ko tabarma ba ta shimfiɗa ba.

"Ashe suna kaka nema, ba ni ba? Ka aure ni, a raɗa min, ka kai ma Nasara? Mu Gobirawa ba a sayen mu da kujera."

Maganar ta ƙona shi ƙwarai, don ya san shirun da ya yi wa Bature ne ya ja masa. Washegari ya ajiye alƙalami da littafi a gaban ubangidansa, ya ce a nemi wani tafinta. Sannan ya aika mata takarda da ajami, tunda ta yi allo:

"Giwata, na bar aikin. Ran da za a raɗa miki, ni za ni tsaya waje. Har in mutu ba ni tambaya. Naki, Illo."

Hajo ta karanta ta sake karantawa, ta yi kuka, ta yi dariya.

Malam Bawa dama aikin Nasaran nan ya daɗe yana ci masa rai. Da ya ji ɗansa ya watsar da shi don kada ya ci amanar mutane, sai ya ce a ɗaura wa jaki goro. Da kansa ya je Tsamaye.

"Ni ba ni zuba ma tsamiya nono," ya ce wa tsohuwa.

"Wa ya ce ka zuba, Malam? Ɗanka muka so, ba nononka ba."

Aka ɗaura aure bayan an yanke gero. Kafin a fito da amarya, tsohuwa ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa. Abokan ango suka yi ta yi wa Illo tsiya a waje, wai amarya ta fi shi sani tun ba a je ko'ina ba.

"Ta hi ni," ya ce, yana gyara rawani. "Shi ya sa na aure ta."

Malam Bawa ya ɗaga hannu ya roƙa musu zuriya mai riƙon amana. Daga cikin gida, muryar tsohuwa ce ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa amin.