Ɗan Zomon Gonar Kirfa

Yammacin da aka fara jifan, Rosmaini tana madafa tana tsame shinkafa, gajimare ya sauko daga dutsen Kerinci ya kwanta a kan gonakin kofi da kirfa. Ba a kai ga kiran magariba ba. Wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ya gangaro a hankali har ƙasa. Na biyu ya biyo shi, sannan na uku.

"Uda, yaran gidan wa ke mana jifa?" ta tambayi mijinta Darmawi, da sunan girmamawar da take kiransa.

Darmawi ya sauka daga matakalar gidan ya zagaya, bai ga kowa ba. Duwatsun da ya tsinto a jiƙe suke, masu sanyi, gansakuka ta lulluɓe su, irin na rafin da ke can saman daji inda ba mai zuwa. Ya ajiye su a gindin matakala, ya wanke hannu.

A ɗakin baya 'yarsu Wirda ko ɗago kai ba ta yi ba. Tun da ta haihu ɗan ya koma kafin suna, haka take. Mijinta ya zo daga Batam inda yake aikin jiragen ruwa, aka yi zaman makoki, ya koma bakin aiki. Ita kuwa in an ba ta abinci ta ci, in an ce ta kwanta ta kwanta. Ba wanda ya ga hawayenta.

A makon ne Darmawi yana saran ciyawa a saman gonar kirfa addarsa ta taɓa wani abu mai laushi. Ɗan zomon daji ne, bai cika tafin hannu ba, mai gajerun kunnuwa da ratsin baƙi a gadon baya, ƙafarsa ta baya a tsage. Ya kawo shi gida cikin hula, yana cewa abin daji ba ya rayuwa a hannu, tsoro kaɗai ma kashe shi yake. Wirda ta miƙo hannu ta karɓa.

Ta shimfiɗa tsumma a kwando, ta sa kwalbar ruwan ɗumi a gefe, ta rufe da zane don kada haske ya firgita shi. Ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta shafa kurkum, ta ɗaure. Madarar akuya take ɗiga masa da sirinji, ɗigo ɗaya ta jira ya haɗiye, sannan wani. Fuskarta ba ta sauya ba, hannuwanta ne kawai ke aiki.

Jifan bai daina ba. Kullum rana ta sunkuya sai ya fara. Daga baya murya ta ƙaru a kai, daga ƙarƙashin daɓen katako, muryar mace tana kira ƙasa-ƙasa kamar mai kiran kaji su shiga akurki. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗaukar wuta. Rosmaini ta riƙa karanta abin da ta haddace tana zuba shinkafa a kwanuka, su ci shiru, duwatsu na gangarowa a kansu. Har tsoron ma ya gaji ya zama gajiya.

Ranar wata Alhamis da la'asar sakaliya suka nemi Wirda suka rasa. A ƙarƙashin gidan suka same ta, zaune a ƙasa tsakanin ginshiƙan da suka ɗaga shi sama, kwandon a cinyarta.

"Wirda, taso, sanyi zai kama ki," in ji Rosmaini.

Ta juyo. Idanun nata ne, amma muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dushe.

"Ba ta nan. Ki koma wajen tukunyarki."

Darmawi ya hau babur ya ɗauko Buya Tamrin, malamin da ke karantarwa a masallacin ƙauyen ƙasa, wani siririn dattijo mai yawan tari. Buya bai ce a fito da ita ba. Ya naɗe zanensa ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin gidan, ya zauna nesa kaɗan da ita, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Haske na raguwa, jikin Wirda ya soma rawa, amma hannunta bai saki kwandon ba.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni," in ji muryar.

"Wace ce ke?"

"Ta saman rafi. Tun kakan wannan mutumin bai dasa kirfa ba nake can. Ku kuna da awaki, ni ina da zomayen nan. Shi ya sare min ɗaya."

"Wallahi ban gan shi ba," Darmawi ya faɗa daga waje.

"Na sani. Da ganinsa ka yi ka sara, da ba duwatsu zan jefo ba."

Buya ya yi tari, ya goge baki. "To ga abinki nan, me ya hana ki ɗauka ki tafi?"

"Ɗauka na zo yi, na tarar ta fi ni iya jinya. Mu ba mu san ɗaurin ƙafa ba."

"Jikinta fa? Wa ya ba ki izinin shiga?"

Raɓa na ɗiga daga bakin rufi.

"Gida na tarar a buɗe, ba kowa ciki. Na yi sallama ba a amsa ba. Da na zauna kuma ita ta ce kada in tafi. Ta ce in ina ciki, ba ta jin kukan jaririn da take ji."

Rosmaini ta zauna a ƙasa a gindin ginshiƙi.

"Ka ba ni ita, malam," muryar ta ci gaba. "In tafi da ita sama ta yi min kiwo. A nan me take muku? Kun ga tana dariya?"

"Ba tawa ba ce balle in bayar. Amanar Allah ce a hannun iyayenta."

"To a yanka min baƙar akuya."

"Ko kaza ba za a yanka miki ba. Amma haƙƙinki za a ba ki. Ranar da ɗan zomon ya taka ƙafarsa ya ci ganye da kansa, za a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Darmawi, ciyawar saman gonar nan fa?"

"Na bar ta, Buya. Adda ba za ta ƙara hawa can ba."

"Kin ji. Ke kuma ki fita yanzu, ki rantse da wanda ya halicce mu da ku ba za ki dawo ba."

Ta yi gunaguni, ta ja lokaci, sannan ta rantse. "Ku gaya mata kada ta cika masa madara, cikinsa kumbura yake." Wirda ta yi atishawa mai ƙarfi, kanta ya langaɓe kan kafaɗa. Daga ƙasan kwari aka fara kiran magariba.

Da ta farfaɗo ta dubi Buya ta daɗe, ta ce da muryarta, "Buya, me ya sa kuka kore ta?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ke ce mai gidan, 'yata. Dole ki zauna a cikinsa."

Ta leƙa kwandon, ta gyara zanen.

Jifa ya tsaya daga ranar. Wirda ba ta warke a dare ɗaya ba, tana nan shiru, sai dai wani lokaci Rosmaini kan gan ta ta toshe kunne da hannu biyu. Ɗan zomon ya soma tsinkar ganyen dankali, ya soma dukan kwando da ƙafar da ta warke, ya daina yarda a taɓa shi.

Wata safiya uwa da 'ya suka hau gonar kirfa. A bakin ciyawar Wirda ta durƙusa ta karkata kwandon. Ya tsaya yana motsa hanci, ya yi tsalle ɗaya da ɗan ɗingishi, ya shige. Bai waiwayo ba.

Suna saukowa Wirda ta tsaya a tsakiyar hanya, ta dafa ƙirjinta da tafin hannu, ta dubi gaban rigarta.

"Amak," ta ce wa uwarta, "yau rigata a bushe take. Ruwan nonon ya ɗauke."

Rosmaini ta karɓi kwandon daga hannunta ta ajiye a ƙasa. Wirda ta kifa kai a kafaɗar uwarta, kukan ya fito da ƙyar, kamar tarin da ya daɗe a ƙirji. Suna nan tsaye har masu tsinkar kofi suka iso, suka ratse ta cikin gona suka bar musu hanya.